Wasiƙa Zuwa ga Ɗana Kafin Ya Hau Kogi da Iyalinsa

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ɗana,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya kai da iyalinka baki ɗaya. Ka gaishe mini da surukata, ka shafa mini kan jikokina. Mu ma nan lafiya lau, sai godiyar Allah.

Mahaifiyarka ta ba ni labarin hirar da kuka yi a waya, cewa bana kai za ka ɗauki jirgin ka hau kogi da matarka da yara, zuwa ƙauyen nan da muka saba kai ku kuna ƙanana. Na yi farin ciki har na kasa zama wuri ɗaya. Na ɗauki waya zan kira ka, sai na ajiye, don maganar waya iska ce, kafin ka kai bakin ruwa rabinta ta bi gari. Takarda kuwa kana iya ninke ta ka sa a akwatin taswira, ka sake dubawa daren da za ku tashi.

Ba koya maka tuƙi zan yi ba. Tun kana shekara goma kake riƙe hannun tuƙi, kuma wajen ɗaure zanen da iska ke tura jirgi da shi, da sassauta shi, ka fi ni saurin hannu tuntuni. Sai dai duk tafiyar da ka taɓa yi a kogin nan akwai wani a bayanka da yake cewa a tashi ko a dakata, kai naka bin umarni ne. Bana babu wannan mutumin. Kai ne shi. Abin da nake ji maka tsoro kuwa abu ɗaya ne, kuma na san shi ne don a jikina na gan shi: son isa ƙauyen nan zai iya rufe maka ido, ka ƙi tsayawa a lokacin da kogi ya ce ka tsaya.

Bari in fara da lokaci, don a kogin da teku ke shigar masa, agogon hannunka ba shi da ta cewa sai ya bi na ruwa. Ka san ruwa yana cika sau biyu yana janyewa sau biyu a yini da kwana. Tsakanin wannan cika da mai bi mata awa 12 ne da minti 25, shi ya sa kullum lokacin yake ja baya da kamar minti 50. In yau ruwa ya cika ƙarfe 10 na safe, gobe sai wajen 11 saura. Kada ka dogara da abin da ka tuna na bara. Ka nemi jadawalin bana, ka rubuta lokutan kwanakin tafiyarku a takarda, ka manna inda idonka zai riƙa kaiwa.

Ka kuma dubi wata. Kwana ɗaya ko biyu bayan duhun wata, haka kuma bayan daren sha huɗu, ruwa yakan cika fiye da kullum, ya kuma janye fiye da kullum, gudunsa ya ƙaru. Dalili kuwa, a waɗannan lokutan rana da wata suna kan layi ɗaya da duniya, jansu ya haɗu. Wajen bakwai zuwa takwas ga wata, da wajen ashirin da biyu zuwa da uku, jan nasu ya saɓa, sai ruwan ya yi sanyin jiki, bai cika sosai ba bai janye sosai ba. Da yara a jirgi na fi so ka zaɓi waɗannan kwanaki na sanyin jiki, ko da kuwa tafiyar za ta ɗan ƙara tsawo. Akwai kuma wani tarko a kwanakin babbar cika: wanda jirginsa ya hau yashi daidai ƙololuwarta, ruwan gobe ba zai kai na yau ba, na jibi ba zai kai na gobe ba, yana iya zama nan kusan mako biyu yana jiran wata ya juyo.

Lissafin hawan kogi ba shi da wuya, mutane ne suke ƙin yin sa. A ce jirginka yana yin kilomita 7 a awa, ruwa kuma yana gudun kilomita 3. In ruwan yana tura ka daga baya, kilomita 10 kake ci. In yana gaba da kai, 4 kacal. Tafiyar kilomita 20 ke nan ta zama ko dai awa biyu cikin raha, ko awa biyar yara suna kuka rana tana dukanku. Jirgi ɗaya, iska ɗaya, bambancin kawai lokacin da ka kwance igiya. Saboda haka ka shiga kogi ruwa ya fara cika, ka bar shi ya ɗauke ka. Allah kuma ya yi wa mai hawa wata rahama: cikar tana isa saman kogi a makare, don haka kana tafe tana tafe tare da kai, ka samu lokaci fiye da wanda jadawalin bakin teku ya nuna. Wajen dawowa abin yakan juye maka, kada ka manta da wannan in ka zo lissafin komowa.

Janyewar ruwa ba ta tafiya daidai wa daida. In ka raba abin da zai ragu kashi 12, awa ta farko kashi 1 ne ke tafiya, ta biyu 2, ta uku 3, ta huɗu 3, ta biyar 2, ta shida 1. In bambancin cika da janyewa mita 3.6 ne, awa ta farko santimita 30 kawai za ka rasa, har ka ce ai ruwan yana nan. A awa ta uku kuwa santimita 90 ce za ta zare daga ƙarƙashinka. Can sama cikin kogi lissafin ba ya zama cif, don cika takan yi gajarta janyewa ta yi tsawo, amma darasin yana nan: farkon janyewa yana ruɗin mutum.

Ni ma ya ruɗe ni, kuma ba na jin na taɓa ba ka labarin yadda yake. Kana shekara bakwai, ƙanwarka tana goye. Mun makara tashi da awa biyu, kuma tun a gida na yi maka alkawarin a ƙauyen za mu kwana. Da muka kai babbar lanƙwasar nan mai dogayen itatuwa, ruwa ya riga ya juya. Mahaifiyarka ta dubi gaɓa, ta ga laka ta fara fitowa tana ƙyalli, ta ce mini mu jefa anka a nan mu kwana, da safe mu ƙarasa. Na ce saura kaɗan. Don in rage hanya sai na yanke ta cikin lanƙwasar, wurin da ni da kaina na sha gaya wa wasu kada su bi. Ba mu ji wani karo ba. Jirgin dai ya yi laushi ya tsaya, kamar an riƙe shi da hannu daga ƙasa. Na tada inji na ja baya, na sauka da sanda na tura, babu. Wajen ƙarfe biyar na yamma ke nan. Kafin magariba ruwa ya bar mu, jirgi ya kwanta gefe ɗaya, duk abin da ke kan kanta ya zube. Mahaifiyarka ta jingina da bangon ɗaki a karkace, ta rungume ku ku biyu, ba ta ce mini uffan ba. Sauro ya yi mana rubdugu. Kai kana ta tambayata ko jirgin ya mutu ne. Ruwa bai dawo ya ɗaga mu ba sai wajen ɗaya da rabi na dare, ni kuwa ina zaune da fitila ina duba ko zai shigo ta gefen da ya kwanta kafin jirgin ya miƙe.

Ba wanda ya ji rauni, alhamdu lillahi. Amma shekara biyu mahaifiyarka ba ta sake sa ƙafa a jirgin ba, kuma ban ga laifinta ba. Ta ga abin da ya kamata, ta faɗa, na ƙi ji. Daren nan ban yi asarar komai na jirgi ba, amincewarta na yi asara, kuma ta fi kowane katako wuyar gyara. Har yau in na tuna da shirun da ta yi, ƙirjina yakan yi nauyi.

Don haka ga roƙona na farko: kada ka yi wa yara alkawarin ranar isa. Ka ce musu za mu hau kogi, in Allah ya yarda mu kai ƙauye. Tun a gida ka zaɓi wuri biyu ko uku a kan hanya da za a iya jefa anka a kwana, ka nuna wa matarka su a taswira, ku kuma yanka wa kanku lokaci: in ƙarfe kaza ya yi ba mu wuce wuri kaza ba, mun tsaya. Shawarar da aka yanke a tsakar gida hankali kwance ta fi wadda za a yanke ana hango hayaƙin ƙauye. Sannu ba ta hana zuwa.

Shi kogi kuwa yana da rubutunsa ga wanda ya iya karatu. A kowace lanƙwasa ruwa yana bugun gaɓar waje yana cin ta, nan ne zurfi. A gefen ciki gudunsa yakan ragu ya zubar da yashin da ya ɗauko, nan ne tudu. Gaɓa mai tsayi a tsaye tana nuna zurfi a gindinta, gaɓa mai kwanciya a hankali haka take ci gaba da kwanciya a ƙarƙashin ruwa. In ka ga tsuntsu tsaye a tsakiyar kogi, to ƙafarsa a ƙasa take. In ka ga fuskar ruwa ta yi ƙananan yamutse a wuri ɗaya alhali gefe da gefe sumul, akwai abu a ƙasa. Tudun yashi kuma yana ƙaura, musamman bayan ambaliya, saboda haka taswira tana gaya maka yadda kogin yake ranar da aka auna shi ne. Na'urar auna zurfi tana da kyau, amma ka ajiye sandar awo kusa da hannu, don ita ba ta san mutuwar batir ba.

Alamomin da ke yawo a kan ruwa ka san su, sai dai in tuna maka abu ɗaya saboda wata rana za ka iya hayar jirgi a wata ƙasa. Duniya ba ta haɗu a kan launi ba. A Turai da Afirka da mafi yawan Asiya, mai shigowa daga teku yana barin ja a hagunsa, kore a damansa. A nahiyar Amurka da Japan da Koriya da Filifin kuwa akasin haka ne, ja a dama. Duk inda ka je ka tambaya kafin ka kwance.

Iskar kogi ba ta da alƙibla irin ta teku. Itatuwa su tare ta, ka tsaya cak zane yana lilo, kana fitowa fili ta faɗo maka gaba ɗaya. Sau da yawa tana bin kwarin kogin ne, in ya lanƙwasa ta lanƙwasa, sai ka ga ko'ina ka juya tana goshinka. Tunda jirgin zane ba ya iya fuskantar iska sai ya kauce mata da kamar digiri 45, dole ka riƙa kai da komo daga wannan gaɓa zuwa waccan, kuma a ƙunci wannan aiki ne mai gajiyar da mutane. In abin ya yi yawa ka sauke zane ka tada inji. Babu kunya a ciki. Na san samari suna ganin tada inji kamar faɗuwa ce, ni ma na yi wannan tunanin, ba shi da amfani.

Ka riƙe wannan: in gudun iska ya ninka biyu, ƙarfin da take buga wa zane ninki huɗu yake yi. Shi ya sa abin yake rikiɗewa nan take. Ma'aunin iska da Francis Beaufort na rundunar ruwan Birtaniya ya tsara a 1805 yana tafiya daga 0 zuwa 12, kuma har yau da shi ake ba da hasashen yanayi ga masu jirgi. Mataki na 4, wato kilomita 20 zuwa 28 a awa, shi ne lokacin da farin kumfa ke yawaita a kan igiyar ruwa, kuma da yara a jirgi nan ne iyakar jin daɗi. In an ce 5, ka rage zane tun kana ɗaure a gaɓa. In an ce 6, ku zauna a gida, kogi ba zai gudu ba. Rage zane kuwa, lokacinsa shi ne sa'ad da tunanin ya fara zo maka. Ka kuma yi hattara in iska tana bayanka, don tana ɓoye ƙarfinta, kana gudu tare da ita ba ka ji, sai ka juya ka gane abin da ke nan. A irin wannan tafiyar ce sandar ƙasan zane take iya wulwulowa daga gefe zuwa gefe ba sallama. Kan babba ma ba ya ɗaukarta, balle na yaro. Duk lokacin da za ka juya ka ɗaga murya, kowa ya sunkuya. Wuri guda kuma da nake so ka girmama shi ne bakin kogin: in ruwa yana fita iska tana shigowa, sukan yi karo su tada igiyoyi gajeru masu tsini. Kada ka ratsa nan ana janyewa da iska mai ƙarfi.

Yanzu jikokina, waɗanda saboda su ne na zauna rubutun nan. Rigar ceto tun daga gaɓa ake sa ta, kafin ƙafa ta taka jirgi, ba a cire ta sai an shiga ɗaki ko an koma tudu. Ta zama daidai jikin yaro, da maɗaurin da ke bi ta tsakanin ƙafafu a ɗaure. Ka gwada: kama ta a kafaɗa ka ɗaga, in ta haura kunnensa ta yi masa yawa, ruwa zai zare ta. Kai ma ka sa taka. Yaro ba ya jin abin da aka faɗa masa kamar yadda yake ganin abin da ubansa ke yi, kuma in kai ka faɗa ruwa babu riga, wa ka bar musu? Kada ka ce ai babban ya iya iyo. Iyo a tafki daban, faɗawa kogi mai gudu da tufafi a jiki daban. In ruwan yana da sanyi, minti na farko mutum ba ya iya riƙe numfashinsa, haɗiyar ruwa yake yi ko da gwani ne. Iya ruwa fidda kai, an faɗa, kuma rigar ce take ba shi damar fidda kan.

Ka sani kuma yaron da ke nutsewa ba ya ihu, ba ya ɗaga hannu yana kira. Shiru yake yi. Saboda haka kada ku ce mu biyu muna kallonsu, don abin da mutum biyu ke kallo ba wanda ke kallonsa. Ku riƙa faɗa da baki: yanzu yara suna hannunki, yanzu sun dawo hannuna. Lokacin kusantar gaɓa da lokacin jefa anka, sa'ad da hankalinka duk ya tafi kan igiya, su zauna wuri ɗaya da ka nuna musu. Ka koya musu hannu ɗaya na aiki ɗaya na riƙe jirgi, kada kuma su sa hannu ko ƙafa tsakanin jirgi da gaɓa don tare shi. Ƙaramin kwalekwalen da kuke sauka da shi ma kada ka raina shi. Ni na fi jin tsoronsa a kan babban jirgin, don a nan ne mutane suke sakin jiki, a cika shi fal, a shiga da dare. Gara ka yi sawu biyu.

Ban ce ka cika su da tsoro ba. Ka ba kowa aiki. Babban ya riƙe hannun tuƙi in ruwa ya kwanta, ka ce ya auna wata bishiya ya nufe ta. Ƙaramar ta riƙa ƙirga alamomi tana faɗa maka launinsu. In wani ya fara jin jiri ka fito da shi iska, ya zuba ido nesa, kada ya zauna a ɗaki yana kallon waya. Hula da ruwan sha kada su yi nisa, don ranar kan ruwa sau biyu take duka, daga sama da daga ƙasa. Awa uku ko huɗu sun ishi yaro a rana. Abin da za su riƙe har girmansu shi ne ko babansu yana dariya ko yana tsawa. Na yi muku tsawa fiye da yadda ya kamata a jirgin nan, kuma yawancinta tsorona ne ya fito a siffar faɗa. In ka ji muryarka ta fara hawa, ka duba, wataƙila zane ne ya yi yawa.

Matarka kuma, kada ka ɗauke ta fasinja. Kafin ranar tafiya ka fita da ita sau ɗaya ko biyu ba yara, ta koyi tada inji da kashe shi, sakin igiyar zane don jirgi ya tsaya, jefa anka, da kira a oba-oba. Tasha ta 16 ita ce ta neman agaji a ruwa, ka rubuta mata abin da za ta faɗa da sunan jirgi ka manna kusa da na'urar. Ku jefa wani abu mai iyo a ruwa ku gwada komawa ɗaukarsa, ita tana tuƙi. In mutum ya faɗa, a yi ihu, a jefa masa abin riƙewa, mutum ɗaya ya nuna shi da hannu kada ya ɗauke ido, in an zo kusa da shi kuma a cire giyar inji saboda farfela. Tambayar da za ka yi wa kanka ita ce: in ni ne a ruwa, za ta iya dawowa ta ɗauke ni? In amsar a'a ce, ba ku shirya ba. Ba a fafe gora ranar tafiya. Kuma in ta ce maka hankalinta bai kwanta ba, ku tsaya. Ko da kana ganin ba komai, ka tsaya ɗin.

Sauran zan bi da sauri. A mashigi mai ƙunci ka riƙe dama. Dokokin hana karo na duniya na 1972 sun faɗa ƙarara cewa jirgin zane ko wanda bai kai mita 20 ba kada ya tare wa babban jirgin da ba shi da wurin bi sai tsakiyar mashigin. Babban jirgi ba shi da birki, kuma sau da yawa matuƙinsa ba ya ganin abin da ke gindin goshinsa. In ka ji gajeren oda sau biyar, cewa yake bai gane abin da kake yi ba, ka kauce a fili yadda zai gani. Kogi kuma yakan kasance da nasa dokokin ban da waɗannan, ka neme su. Ka san tsawon jigonka, wato doguwar sandar da ke ɗauke da zane, daga ruwa zuwa ƙoli, ka tuna ruwa in ya cika gada takan matso ƙasa. Wayar lantarki ta fi gada haɗari, don wuta tana iya tsallakowa jigo tun bai taɓa ta ba, ka bar mata sarari mai yawa. Gas ɗin girki ya fi iska nauyi, in ya zuba ƙasan jirgi yake taruwa, a rufe tukunyar duk in an gama. Kada kuma a kwana da inji ko wuta a kunne ɗaki a rufe, hayaƙin da ke kisa ba shi da wari. Ka gwada fitilunka ko da ba ka da niyyar tafiyar dare: ja a hagu, kore a dama, fara a baya, da fara mai haske ko'ina in kana kan anka.

Ita anka, tsawon abin da ka saki ne yake riƙe ta. In sarƙa ce, ninki huɗu na zurfin ruwa. In igiya ce, shida ko fiye. Zurfin da za ka lissafa kuwa na lokacin cika ne, sa'an nan ka tabbata in ya janye akwai abin da zai rage a ƙarƙashinka. Ruwa zai juya cikin dare, jirgi ya kewaya ya fuskanci ɗaya gefen, ka duba babu abin da zai buga. Ni nakan sa agogo ya tashe ni lokacin juyawar, in leƙa in daidaita bishiya biyu a gaɓa, in sun tsaya yadda na bar su in koma barci.

In Allah ya kai ku ƙauyen, ka rage gudu tun daga nesa. Igiyar da jirginka ke tayarwa tana buga kwalekwalen mutane tana cin gaɓarsu, kuma masunta suna da taru da ƙugiyoyi a ruwa waɗanda su ne abincin 'ya'yansu. Ka yi sallama ka tambayi inda za ka ɗaure, ko da ka san wurin. Mu muna zuwa kwana biyu ne a shekara, su nan ne rayuwarsu. Shararku ku dawo da ita. Ka tambayi tsofaffin masu kwalekwale yadda yashi ya ƙaura bana, za su gaya maka abin da babu a taswira, kuma suna jin daɗin a tambaye su. Kada ka damu in ka tarar wurin ya canza, ko ya yi maka ƙanƙanta. Da idon yaro ka san shi. Ka bar jikokina su gan shi da nasu idon, kada ka yi ta cewa da can kaza ne. Ka dai kai su kan tudun nan da ake hango kogi ya yi gwiwa biyu, da sassafe kafin hazo ya tashi. Mahaifiyarka ta ce ka ɗauko mata hoton wurin.

Kafin ku tashi ka biyo ta gida. Igiyar awo mai darma a baki tana nan na ajiye maka, na sabunta ƙulle-ƙullenta, kowane ƙulli rabin mita. Akwai kuma littafin da nake rubuta tafiye-tafiyenmu, ka duba shafukan lanƙwasar itatuwa, na zana inda zurfi yake a shekarun da na bi, amma ka auna da kanka. Ka bar mini ranar tashi da ranar da kake sa ran dawowa a rubuce, kuma duk yamma in kun jefa anka ka aiko mini da saƙo ko na kalma biyu ne. In dare ya yi ban ji ka ba zan fara kira, ka san halina.

Allah ya tsare hanya, ya kai ku lafiya ya dawo da ku lafiya. Allah ya yi maka albarka, ya raya mana yaran. Mahaifiyarka tana gaishe ku, ta ce a sa wa ƙaramar rigar sanyi da yamma ko ta ƙi.

Ni ne,
Mahaifinka.